Tarihin Giyar Beljiyam: Haraji, Yaƙi da Masu Kafiya

A birnin Ghent na ƙasar Beljiyam, a bakin tsohon dandalin kasuwar Juma'a, akwai wata mashaya da ake kira Dulle Griet. Duk wanda ya nemi babbar giyar gidan, wadda ake zubawa a wani dogon kofin gilashi mai kumburarren gindi da ba ya tsayuwa sai an saƙale shi a jikin katako, sai ya cire takalmi ƙafa ɗaya ya miƙa. Mai hidima zai jefa takalmin a kwando, ya ja igiya kwandon ya haye can kusa da rufi, kuma ba za a sauko da shi ba sai kofi ya dawo lafiya. Baƙi suna dariya, amma masu gidan da gaske suke: kofunan suna da tsada, an kuma sha yin awon gaba da su.

Kusan kowace giya mai suna a ƙasar tana da kofinta, da siffarsa daban da tambarinta a jiki. Ta ruhubanawa ana zuba ta a kofi mai faɗin baki da doguwar ƙafa domin ƙamshi ya tashi. Duvel tana da mai tumbi da matsattsen wuya wanda ke riƙe kumfa. Farar giyar Hoegaarden kuwa kakkauran tambulan mai kusurwa shida ake ba ta. Idan kofin da ya dace ya ƙare, mai hidima yakan ba da haƙuri kafin ya kawo wani. Zai karkata kofin ya tsiyaya a hankali, ya miƙe shi daga ƙarshe kumfa ta taru, ya bar ɗan guntun gindin kwalba inda yis ya kwanta. Ba a kwankwaɗa. Ana shinshinawa, a kurɓa, a ajiye, a ɗauki yankin cuku a dangwala a mastad, a ci gaba da hira.

A ƙarshen Nuwamban 2016, a taron da aka yi a Addis Ababa, hukumar UNESCO ta saka wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya, ta ambaci kusan iri 1,500 da ake dafawa a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 12 ba. Mafi yawan masu karanta wannan ba sa shan giya, addini ya haramta musu, kuma ba tallarta ake yi a nan ba. Amma mai son fahimtar Beljiyam, yankin da Sifaniya da Ostiriya da Faransa da Holan suka mulka ɗaya bayan ɗaya kafin 'yancin kai na 1830, Jamus kuma ta mamaye sau biyu bayan haka, da wuya ya samu wata sana'a da ta adana sawun waɗannan zamunna kamar wannan. Tsamin wata giyar, ƙarfin wata, launin wata, kowanne akwai dokar haraji ko yaƙi ko wani mutum mai kafiya a bayansa.

Ƙasar ba ta inabi ba ce. Sanyi da yawan ruwan sama sun fi karɓar sha'ir da alkama, saboda haka tun zamanin da, mutanen yankin hatsi suke jiƙawa ya tsira, su busar, su niƙa, su dafa, su bari ya tsima. Masu sana'ar suna ɗaukar wani rahibi, Arnold na Oudenburg, wanda ya rasu a 1087, a matsayin waliyyinsu. Almara ta ce lokacin wata annoba ya umarci jama'a su bar ruwan rafi su sha giya, waɗanda suka bi maganarsa suka tsira. Ko ba komai, ruwan giya tafasasshe ne, giyar yau da kullum ta wancan zamani kuma mai rauni ce ƙwarai.

A lokacin ba a saba amfani da furen hop ba, wannan furen mai ɗaci na wata shuka mai yaɗo da yau ake sa wa kusan kowace giya. Wani haɗin ganyayyakin daji ake amfani da shi, mai suna gruit, kuma ba kowa ke da ikon sayar da shi ba. Sarakunan yanki su ke riƙe da wannan iko, su ba wanda suka ga dama, mai dafa giya kuma dole ya saya a wurinsa. Haraji ne a fakaice. A birnin Bruges, gidan Gruuthuse ya yi arziki da wannan hanya har ya gina fada a jikin Cocin Maryama, da wani ɗan ɗakin ibada da aka liƙa a bangon cocin a ƙarni na 15, inda mai gida da iyalinsa ke leƙen addu'a ta taga ba tare da sun taka ƙasa ba. Fadar tana nan, an mai da ita gidan tarihi. A ƙarni na 14 jiragen ruwa suka fara kawo giyar Hamburg da Bremen mai hop, wadda ke daɗewa ba ta lalace ba, kasuwar gruit ta soma mutuwa. Masu iko ba su yi asara ba, harajin suka ɗauke suka ɗora a kan giyar kanta.

Masu dafa giya a birane sun haɗa ƙungiyar sana'a mai ƙarfi. Da sojojin Sarki Louis na 14 na Faransa suka yi wa Brussels ruwan wuta a watan Agustan 1695 suka ƙona babban dandalin birnin, ƙungiyoyin sana'a ne suka sake gina shi cikin 'yan shekaru, gidan masu giya mai ado da ruwan zinariya kuma a yau yana hannun ƙungiyar masu giya ta ƙasar. Abu ɗaya da bai taɓa faruwa a wannan yanki ba ya fi komai tasiri: ba a kafa doka irin ta Bavariya ta 1516 ba, wadda ta taƙaita giya ga ruwa da sha'ir da hop. Mai dafa giya na yankin Flanders ko na Wallonia yana iya zuba ɗanyar alkama, ko ɓawon lemu, ko 'ya'yan itace, ko sukari, babu mai tuhumarsa.

Mutane da yawa suna zaton giyar ruhubanawa ta yau tun daga wancan zamani ta taso. Ba haka ba ne. Juyin juya halin Faransa ya share tsofaffin gidajen ibada. A 1793 sojoji suka ƙona gidan Orval, a 1795 Faransa ta haɗiye yankin, ta rusa ƙungiyoyin sana'a, ta ƙwace dukiyar ruhubanawa ta sayar. Abin da ake gani yau sabon gini ne a kan toka. Wasu ruhubanawan ɗariƙar Trappist, masu tsananin shiru da aikin hannu, sun gudo daga Faransa da niyyar tafiya Kanada, bishop na Antwerp ya roƙe su suka tsaya a wata gona a Westmalle a 1794. Ba su soma dafa giya ba sai 1836, kuma don teburinsu kawai. Gidan Westvleteren ya kafu a 1831, ya fara dafawa a ƙarshen shekarun 1830. Chimay ya kafu a 1850 a kan wani tudu mara albarka, ya fara a 1862, Rochefort kuma a 1899. Ƙa'idarsu ita ce rahibi ya ci daga guminsa, don haka giya ta zo ne a jere da cuku da burodi da kiwo, hanyar biyan kuɗin rufi da taimakon mabukata.

A tsakanin nan, a 1822, gwamnatin Holan ta kawo wata doka da ta sauya yadda ake dafuwa. An daina duban yawan giyar da mutum ya samar, aka koma karɓar haraji bisa girman baho da ake kwaɓa tsiro a ciki. Masu sana'a suka yi dabara: ƙaramin baho, a danƙara masa hatsi, a zuba ruwa kaɗan, a tsame farin ruwan mai kauri a dafa shi daban, a sake maimaitawa. An sauya dokar a 1885, yawancin masu dafawa suka watsar da wannan wahala. Masu giyar lambic ne suka riƙe ta har yau, domin sun gano cewa wannan gurɓataccen ruwa mai sitaci shi ne abincin da ƙwayoyin halittar giyarsu ke ci na tsawon shekaru.

A kan lambic ya kamata a dakata, don babu irinta a Turai. Ana yin ta ne a kwarin kogin Senne da ƙauyukan Pajottenland, kudu maso yammacin Brussels. Kusan kashi ɗaya cikin uku na hatsinta ɗanyar alkama ce, sauran tsiron sha'ir. Hop ɗin da ake sa mata tsoho ne, wanda aka ajiye shekaru har ɗacinsa ya tafi, ƙarfinsa na hana ruɓa ya rage. Ana tafasawa sa'o'i da yawa. Sai a yi abin da duk wani malamin dafa giya na zamani zai hana ɗalibinsa: a tura ruwan da zafinsa zuwa ɗakin saman gini, a baza shi a wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe mara zurfi, a buɗe tagogi, a tafi a kwanta. Ba a zuba yis ko kaɗan. Iskar dare da katakon ginin da gangunan da za a zuba shi a ciki su ke kawo ƙwayoyin da za su tsima shi, kamar yadda ƙullun koko ke yin tsami da kansa idan ya kwana. A gidan Cantillon da ke unguwar Anderlecht, wanda aka kafa a 1900, tururi yana cika ɗakin har ya riƙa fita ta tsakanin fale-falen rufi. Yanar gizo-gizo tana lulluɓe da kusurwoyi, ba a kuma kashe gizon, domin shi ke kama ƙudajen da 'ya'yan itace ke jawowa. Ba a dafuwa sai da sanyi, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, don iskar bazara tana ɗauke da ƙwayoyin da ke ɓata aiki.

Bayan kwanaki kaɗan kumfa za ta fara tumbatsa ta bakin ganga. Ƙwayoyin suna karɓar aiki ne bi da bi: yis na yau da kullum ya cinye sukari mai sauƙi, ƙwayoyin tsami su biyo baya, daga ƙarshe wani yis na daji mai jinkiri, wanda masana suka raɗa wa sunan Brussels a 1921, ya zauna yana aikinsa shekara ɗaya zuwa uku. Wani lokaci da zafi ya shigo giyar takan yi yauƙi, masu sana'a su ce ta kamu da ciwo. Ba sa zubarwa, suna jira, ta warke da kanta. Louis Pasteur ya wallafa bincikensa a kan giya a 1876, Emil Hansen kuma ya ware tsantsar yis a Copenhagen a 1883, duniya duka ta bi su. Mutanen Senne suka ci gaba da buɗe taga.

Gwanintar ta ƙarshe a harshe take. Babu ganga biyu masu ɗanɗano ɗaya, don haka mai haɗawa yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana kurɓa, ya zaɓi tsohuwa mai zurfin tsami da ƙamshi, ya gauraya da sabuwa wadda sukarinta bai ƙare ba, ya ɗura a kakkaurar kwalba ya toshe. Cikin watanni haɗin zai sake tsima a kwalbar ya yi iska. Wannan ita ce gueuze. Wanda ya fara kurɓarta yakan yamutsa fuska: babu zaƙi ko ɗigo, sai tsami irin na lemun tsami da ɗan bauri da warin tsohuwar ciyawa a rumbu. Mutanen Pajottenland suna haɗa ta da burodi da aka shafa wa farin cuku mai laushi da yankakken radish. Idan kuma aka zuba wa lambic 'ya'yan ceri masu tsami a tsakiyar bazara, har da ƙwallonsu, sai a sami jar giyar kriek.

A farkon ƙarni na 20 Beljiyam tana da gidajen dafa giya fiye da 3,000. Kusan kowane ƙauye yana da nasa, sau da yawa mai shi ne ma magajin garin. Sai yaƙin 1914 ya zo. Jamusawa suka bi gida-gida suna ciccire tukwanen jan ƙarfe don ƙera harsasai, suka kwashe dawakan da ke jan amalanken ganguna, hatsi ya yi wuya. Ɗaruruwan gidaje ba su sake hura wuta ba. Westvleteren ya tsira da tukwanensa saboda yana cikin ɗan yankin da ba a mamaye ba, kusa da Poperinge, garin gonakin hop, inda sojojin Ingila ke hutawa bayan sun fito daga ramukan yaƙi na Ypres.

Bayan yaƙi aka yi dokar da ta fi kowace tasiri a kan kofin ɗan Beljiyam. Emile Vandervelde, ɗan gurguzu kuma ministan shari'a, ya daɗe yana ganin yadda jenever, barasar da ake tata daga hatsi, ke cinye albashin ma'aikatan ma'adinai da masaƙu, tana barin mata da yara da yunwa. Dokarsa ta 1919 ta hana sayar da irin wannan barasa a mashaya. A kanti ma sai mutum ya sayi aƙalla lita biyu a tashi ɗaya, kuɗin da lebura ba ya da shi. Niyyar mai kyau ce, kuma ta rage ɓarna. Amma dokar ba ta taɓa giya ba, ta kuma zauna har farkon shekarun 1980. Masana tarihi da dama suna ganin a wannan giɓi ne giya mai ƙarfi ta samu kasuwa. Gidan Moortgat na ƙauyen Breendonk ya fitar da wata don murnar ƙarshen yaƙi, ya sa mata suna Duvel a 1923, da yis ɗin da aka samo daga Sikotland. Westmalle ya gyara baƙar giyarsa Dubbel a 1926, ya fito da mai ruwan zinariya a 1934, wadda daga baya aka kira Tripel, mai ƙarfin kashi 9.5 cikin ɗari, kusan ninki biyu na giyar yau da kullum. Sirrin shi ne sukarin gwoza: yana ƙara ƙarfi ba tare da ya sa giyar ta yi nauyi a baki ba. Nan ne kuma haɗarin yake, don mai sha ba ya jin ƙarfin sai ya miƙe tsaye. Shi ya sa ake sayar da su a ƙananan kwalabe, ake kuma shan su a zaune da abinci.

Orval ya bi tasa hanyar. Bayan shekara fiye da ɗari yana kufai, ruhubanawa suka dawo, aka kafa wurin dafa giya a 1931 musamman don a sami kuɗin sake gini. Tambarinsa kifi ne da zobe a baki, daga almarar wata gimbiya, Matilda ta Tuskani, wadda zoben aurenta ya faɗa marmaro, ta yi addu'a, kifi ya fito mata da shi. Giya iri ɗaya tak suke kai wa kasuwa, kuma suna sa mata ɗan yis na daji lokacin ɗuri, saboda haka tana ci gaba da sauyawa a kwalba. Mai wata uku tana ƙamshin fure da ɗaci, mai shekara biyu ta bushe ta ɗauki ɗan tsami. A mashayun da suka san aiki ana tambayar mai sha wacce yake so, sabuwa ko tsohuwa.

Duk da haka, abin da ya kusa kashe tsofaffin nau'o'in ba yaƙi ba ne, garau ɗin giyar pils ce mai sanyi, irin ta Bohemiya da Jamus. Kamfanin Artois na Leuven ya fito da Stella a 1926, Cristal ta biyo a 1928, Jupiler a 1966. Dafa ta na bukatar injin sanyi da jari mai yawa, manyan kamfanoni suka yi ta sayen ƙanana suna rufewa. Bayan yaƙin duniya na biyu gidajen da suka rage ba su kai 800 ba, kafin ƙarshen ƙarni suka koma ɗari da 'yan kai. Matasan da suka saba da lemon kwalba ba sa son tsami. Constant Vanden Stock, mai kamfanin Belle-Vue wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Anderlecht shekaru da yawa, ya cika kasuwa da gueuze tatacciya mai zaƙi, ta gargajiyar kuwa aka bar wa tsofaffi.

A garin Hoegaarden, wanda ya taɓa samun gidajen dafa farar giyar alkama fiye da talatin, na ƙarshe ya rufe a 1957. Wani mai sayar da madara, Pierre Celis, wanda yake maƙwabtaka da gidan kuma ya taɓa taya mai shi aiki yana saurayi, ya ji dattawa suna kewar giyar garinsu. A 1966 ya haɗa tsofaffin kayan aiki a rumfar gidansu ya soma dafawa da alkama da ƙwayar koriyanda da busasshen ɓawon lemu. Ta karɓu fiye da zatonsa. A 1985 gobara ta cinye masana'antarsa, inshorar da yake da ita ba ta isa ba, kamfanin Artois ya kawo kuɗi, cikin 'yan shekaru kuma gidan ya koma hannun babban kamfanin. Celis yana da shekara sama da sittin ya tattara ya tafi Austin ta jihar Texas a Amurka, ya buɗe sabon gida a 1992. Ya rasu a 2011. Farar giyar da ake dafawa yau daga Amurka har Japan, daga rumfar wannan mai madara ta samo hanyar dawowa.

Lambic ma mutane ƙalilan ne suka tare mata mutuwa. Jean-Pierre Van Roy malamin makaranta ne da ya auri 'yar gidan Cantillon, ya karɓi sana'ar lokacin da sauran masu ita a Brussels ke rufewa. Ya daina sa zaƙi, ciniki ya yi ƙasa, sai a 1978 ya mai da wurin gidan tarihi mai aiki, kuɗin shigar baƙi ya riƙe shi. Frank Boon, yana matashi, ya karɓi gangunan wani tsohon mai haɗawa a Lembeek a shekarun 1970. Armand Debelder na 3 Fonteinen a Beersel ya ga tashin hankali a watan Mayun 2009, lokacin da na'urar daidaita zafi ta lalace a ma'ajiyarsa, zafi ya dafa dubun-dubatar kwalabe, wasu suka farfashe. Masoya giyarsa suka zo aikin gayya suka buɗe waɗanda suka rage, aka tace su aka sayar, ya sayar da tukwanensa ya biya bashi, bayan 'yan shekaru ya sake tashi. A 1997 masu lambic suka kafa ƙungiyarsu ta HORAL, Tarayyar Turai kuma ta ba sunan tsohuwar gueuze kariya, ta yadda mai zaƙin ba za ta ari sunan ba. Idan akwai waɗanda suka cancanci yabon UNESCO, waɗannan ne, don sun riƙe sana'ar a shekarun da riƙe ta asara ce tsagwaronta.

Taimako ya zo daga waje. Wani ɗan jaridar Ingila, Michael Jackson, wanda ba mawaƙin nan ba, ya wallafa littafi a kan giyar duniya a 1977, da wani a kan ta Beljiyam kaɗai a 1991, ya yi bayanin waɗannan giya da irin mutuncin da ake ba ruwan inabin Faransa. Amurkawa masu ƙananan masana'antu suka karanta, suka fara zuwa. 'Yan ƙasar da kansu sai da baƙo ya yaba kafin da yawansu suka waiwayi abin da ke bayan gida.

Da suna ya fito, masu kwaikwayo suka yi yawa. Tun 1962 wata kotun kasuwanci a Ghent ta yanke cewa ba mai kiran giyarsa Trappist sai ruhubanawan. A 1997 gidajen suka kafa ƙungiya da tambari mai kusurwa shida bisa sharuɗɗa uku: a dafa a cikin harabar gidan ibada, ƙarƙashin kulawar ruhubanawa, ribar kuma ta tafi ga bukatun gidan da sadaka. Sauran masu hoton rahibi a kwalba yawanci suna kawai suka yi haya. Leffe, alal misali, tana ɗauke da shekarar 1240 a tambarinta, amma giyar ta yau a 1952 aka fara ta bisa yarjejeniya da wani mai masana'anta, yanzu kuma babban kamfanin Leuven ke dafa ta.

Westvleteren ya nuna iyakar abin. A 2005 wani shafin intanet na masu ɗanɗano ya zaɓi giyarsu mai lamba 12 a matsayin wadda ta fi kowace a duniya. Motoci suka yi layi a ƙaramar hanyar ƙauye, wayar gidan ta toshe. Ruhubanawan suka ƙi ƙara yawan abin da suke dafawa. Matsayinsu shi ne suna dafa giya ne don su sami damar zaman ibada, ba su shiga ibada don giya ba. Mai so sai ya yi rajista, a ba shi rana, ya zo ƙofar gida da motarsa ya ɗauki 'yan akwatuna, da alkawarin ba zai sayar ba. A 2012 ne suka fitar da kaya masu yawa zuwa ƙetare, don gininsu na tsagewa kuma gyara na bukatar kuɗi. Da aka gama suka koma yadda suke.

A ɗaya gefen, kamfanin Artois ya haɗe da na Jupiler ya zama Interbrew a ƙarshen shekarun 1980, ya haɗe da AmBev na Brazil a 2004, ya sayi Anheuser-Busch na Amurka a 2008 kan dala biliyan 52, ya haɗiye SABMiller a 2016. Kamfanin da wannan haɗaka ta haifar, AB InBev, mai hedikwata a Leuven, shi ne kamfanin giya mafi girma a duniya, kuma ta wannan cinikin na ƙarshe ne ya mallaki International Breweries a Najeriya. Ƙananan gidaje sun sake yawaita har sun haura 400, mafi yawan abin da ƙasar ke dafawa kuma waje ake kai shi. 'Yan Beljiyam da kansu sun rage sha ƙwarai: daga wajen lita 200 ga kowane mutum a shekara a farkon ƙarni na 20 zuwa ƙasa da 70 a yau, marar barasa kuma tana ƙara samun kasuwa.

Barazanar yanzu ta wani iri ce. A kakar 2015 Jean Van Roy, ɗan Jean-Pierre, ya dakatar da dafuwa a Cantillon saboda dararen sun ƙi yin sanyi, ya kuma bayyana cewa lokacin aikin ya gajarta idan aka kwatanta da zamanin kakansa. Gidajen ibada kuwa matasa ba sa shigarsu. A 2020 ruhubanawa biyu na ƙarshe suka bar gidan Achel da ke kan iyakar Holan suka koma Westmalle, a farkon 2021 aka janye masa tambarin mai kusurwa shida, a 2023 kuma aka sayar da gidan ga wani ɗan kasuwa. Gidajen Trappist masu dafa giya da suka rage a Beljiyam biyar ne: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren.